Gilashin da Ba Ya Saita Kansa: Inda Arha Ke Yin Ado

Duk wanda ya sayi kyamara marar madubi, irin su Sony a6000 ko Fujifilm X-T20, yakan gane iyakar gilashin da ta zo da shi ne ranar da ya shiga ɗaki. Zai yi ta ja da baya har ƙeyarsa ta taɓa bango, amma rabin ɗakin na waje da hoton. Daga nan sai ya shiga neman gilashi mai faɗin gani, wanda masu sana'a ke kira lens, sai farashi ya tare shi a ƙofa. Na Sony mai milimita 10 zuwa 18 ya fito kasuwa a kan fiye da dala 800, na Zeiss mai milimita 12 kuwa, wanda ya fito a 2013, ya haura dala 1,200. A gefensu akwai wani ɗan ƙarami na kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu, mai milimita 12, wanda ya fito a 2014 a kan ƙasa da dala 400, ana kuma sayar da shi a Amurka da sunan Rokinon. Aibinsa a idon mai saye guda ne: ba ya saita hoto da kansa, sai an murza zobensa da hannu. Da yawa sukan juya baya a nan, suna cewa arha ba ta ado. A kan wannan nau'in gilashi dai, sun yi kuskure.

Dalilin yana cikin lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. Kowane gilashi yana da wani tsayin fili, gaba da bayan abin da aka saita a kansa, inda komai ke fitowa tar. Iya gajartar gilashin, iya zurfin wannan fili. A ɗauki gilashin milimita 12 a kan matsakaiciyar kyamara irin waɗanda aka ambata, a tsuke ƙofar haskensa zuwa f/8, a ajiye zoben saiti a kan kimanin mita ɗaya. Bisa ma'aunin da aka saba aiki da shi, duk abin da ke tsakanin rabin mita da ƙarshen gani zai fito garau: tabarmar da ke gaban ƙafa, mutumin da ke bakin ƙofa, da bishiyar da ke can bayan katanga. Ko da an buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya zuwa f/2, saiti a kan mita uku da rabi zai riƙe komai daga kimanin mita biyu zuwa nesa. Gilashin milimita 50 kuwa, a kan f/8 ɗin nan, sai an saita shi a wajen mita 15 kafin ya riƙe nesa, abin da ke kusa kuma ya tafi dishi-dishi. Shi ya sa injin saiti ya zama tilas ga mai ɗaukar hoton fuska ko na 'yan ƙwallo, amma ga mai gilashi mai faɗi, kusan kuɗin aikin da babu shi ne yake biya. Mutum zai iya saita zoben da safe, ya yini yana ɗauka bai sake taɓa shi ba.

Ba banza ba ne kuma irin waɗannan gilasai suka yawaita bayan zuwan kyamara marar madubi, wadda ta fara da Panasonic G1 a 2008. A tsofaffin kyamarori akwai madubi mai ɗagawa tsakanin gilashi da farantin da ke karɓar haske, don haka dole a bar masa fili: milimita 44 a Canon, 46.5 a Nikon. Gilashin da tsawonsa milimita 12 ne ba zai zauna a irin wannan nisa ba sai da wata dabara ta jera gilasai, wadda Bafaranshe Pierre Angénieux ya yi suna da ita tun 1950, dabarar da ke sa gilashi ya yi girma, ya yi nauyi, ya yi tsada. Da aka cire madubin, tazarar ta koma milimita 18 a Sony, 17.7 a Fujifilm. Nan ƙananan kamfanoni suka samu ƙofa. Samyang ɗin nan nauyinsa bai wuce kwatan kilo ba sosai, bayansa kuma kamfanonin Sin irin su Laowa, 7Artisans da Meike suka biyo da nasu.

Cire madubin ya kawo wani alheri na biyu. Abin da mai ɗauka ke gani a allo shi ne ainihin abin da farantin ke gani. Kyamarar na iya shafa launi, ja ko rawaya, a gefen duk abin da ya fito tar, tana kuma iya kumbura wani yanki na hoton sau da yawa don a tabbatar. Saiti da hannu, wanda a da yake bukatar ido mai kaifi da shekarun gogewa, yanzu aikin yammaci ɗaya ne a koye shi.

Wannan ba ya nufin babu abin da aka rasa. Gilashin ba shi da wayar da zai yi magana da kyamara, saboda haka ita a ganinta babu komai a gabanta. Sai an shiga tsarinta an ba ta izinin ɗauka ba tare da gilashi ba, in ba haka ba maɓallin zai ƙi aiki, kuma masu saye da dama sun zaci an sayar musu da lalatacce a kan wannan kawai. Hoton ba zai zo da bayanin ƙofar hasken da aka yi amfani da ita ba. Kyamarar da ke da na'urar hana rawar hannu sai an gaya mata tsawon gilashin da hannu. Alamar nesa da ke jikin zoben ba kullum take faɗin gaskiya ba, don haka mai son hoton taurari gara ya kumbura tauraro ɗaya a allo ya saita a kansa, ya manta da alamar. A f/2 kusurwoyin hoto sukan yi duhu, gefen abu mai haske kuma ya ɗauki wani shunayya, duk da cewa ana gyara waɗannan a kwamfuta. Mafi muhimmanci, arha takan nuna kanta wajen rashin daidaito tsakanin wannan da wancan: gilasai biyu masu suna ɗaya, ɗaya garau, ɗaya kuma gefensa na hagu a dushe. Wanda zai saya, musamman na hannu, ya ɗauki hoton bangon bulo a miƙe, ya duba kusurwa huɗun kafin ya miƙa kuɗi.

Sai dai duk waɗannan ƙananan ɗawainiya ne. Ainihin wahalar gilashi mai faɗi tana wani wuri dabam, kuma mai tsadar ma bai tsira daga gare ta ba. Gilashin da ke zuwa da kyamara yana ganin kusan digiri 83; na milimita 12 yana ganin kusan 99. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda, amma a hoto shi ne bokitin da aka manta a lungu, igiyar shanya, wayar lantarki, da inuwar mai ɗaukar hoton kansa. Gilashin ba ya zaɓe, komai kwasa yake yi. Sabon shiga yakan tsaya nesa don ya haɗa komai, sai ya dawo da hoton da rabinsa sama ce, rabinsa ƙasa, abin da ya je dominsa kuma ya zama ɗan ɗigo a tsakiya. Maganin shi ne akasin abin da zuciya ke raya wa mutum: a matsa kusa, kusa ƙwarai, a sa wani abu a gaba da ido zai fara sauka a kansa.

Yana kuma da hukunci mai tsanani ga wanda ya karkata kyamara. A ɗaga ta sama kaɗan a gaban dogon gini, sai bangayen su kama tsukewa kamar ginin zai faɗi ta baya. Hasumiyar masallacin Agadez, mai tsayin mita 27, dama can tana tsukewa zuwa sama; wanda ya tsaya a gindinta ya ɗaga irin wannan gilashi zai mayar da ita tsinke. Mutanen da suka faɗa gefen hoto su ma sukan sha: fuska ta baje, kafaɗa ta yi faɗi. A hoton biki, wanda ya ajiye uwar amarya a ƙarshen layi da gilashin milimita 12 ya shirya jin ƙorafi.

A nan ne maganar ta tashi daga fasaha ta koma amana. Gilashi mai faɗi yana girmama na kusa, yana nisanta na nesa, don haka ɗaki mai mita uku a kan uku yakan fito kamar falon attajiri. Dillalan gidaje a ko'ina cikin duniya sun san wannan, kuma duk wanda ya taɓa bin hoton gidan haya a intanet ya tarar da kurkuku ya ga aikinsa. Ɗan jarida ma na iya yin irinta da taron jama'a: ya tsaya a tsakiyar mutum hamsin ya cika hoto da su, ko ya koma baya ya nuna fili fayau da 'yan tsiraru a can ƙarshe. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin hotunan biyu, amma wurin tsayuwar ya riga ya yanke hukunci a madadin mai kallo. Injin saiti ba shi da ta cewa a nan. Wanda ya biya dala dubu da wanda ya biya ɗari uku, tambaya ɗaya ce a gabansu.

Akwai waɗanda bai dace da su ba. Mai ɗaukar bidiyo yana tafiya, yana juya kyamara daga fuskarsa zuwa titi, zai fi jin daɗin mai saita kansa, kuma Samyang ɗin ma ya fitar da irinsa ga kyamarorin Sony a 2021. Haka wanda yawancin aikinsa yara ne masu guje-guje a tazarar hannu. Amma mai zanen gine-gine da ke adana hoton aikinsa, da malamin da ke tattara hotunan tsofaffin zaure da dagin da ke jikinsu kafin a rushe, da mai yawo a lungunan kasuwa inda babu filin ja da baya, duk abin da suke ɗauka ko dai a tsaye yake, ko yana cikin filin nan da ke fitowa tar. Ragowar kuɗin da za su ba injin saiti ya ishe su sayen mazauni mai ƙafa uku, batir na biyu, da ɗan famfon hure ƙura, wanda a lokacin hunturu babu mai canza gilashi a waje da zai wadatu ba tare da shi ba.