Gidan Gado Ba Tumatir Ba Ne

'Yan uwana mata, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maigida ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba, sai ki ga dillalai suna zagaye gida suna taɓe baki, wai soro ya tsage, rufi na yoyo, a sayar a yadda yake. Haba jama'a! Ruɓewa zai yi? Matar nan fa takaba take, wata huɗu da kwana goma, a ɗakinta ya kamata ta ƙarasa. Kuma tumuninta daga kuɗin da aka karya za a cire. Ni dai na ce, uwa ko 'ya, kada ki dangwala yatsa a takarda sai an yi wa gidan kuɗi a gabanki. In maza sun ƙi, a tafi gaban alƙali.