A haɗa littafin mayanka da littafin asibiti a Tuboro

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka da sanyin safiya ya ga yadda malamin dabbobi ke duba nama kafin mahauta su kwashe. Yakan jawo huhu ya tsaga, ya bi kaluluwar da ke maƙale da shi yana yankawa ɗaya bayan ɗaya. In ya tarar da ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa, ciki kamar cuku, wuƙa na ƙaras-ƙaras kamar ta ci yashi, ya san tarin fuka ne. Sai ya ware abin da ya lalace, ya rubuta a littafinsa, ya wuce saniya ta gaba. Can a asibitin gari kuma akwai wani littafin, inda ake rubuta mai tari da mai kumburin wuya da mai zazzaɓin da ya ƙi sauka. Littattafan nan biyu sau da yawa labari ɗaya suke bayarwa, amma na farko yana hannun ma'aikatar kiwo, na biyu yana hannun ma'aikatar lafiya, kowa tasa ta fisshe shi. A ganina, binciken da arewacin Kamaru ya fi bukata game da cututtukan bakteriya da mutum ke ɗauka daga dabba shi ne wanda zai ajiye littattafan nan gefe da gefe ya karanta su tare, kuma Tuboro na cikin wuraren da suka fi cancanta a fara.

Tuboro na cikin yankin Mayo-Rai a Jihar Arewa, kusa da inda iyakokin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu. Kwaltar da ta taso daga Ngaundare zuwa Mundu ta ratsa ta garin, kasuwar Mbaimbum na nan kusa, kuma garkunan shanu na shiga da fita gwargwadon damina da rani. Rikicin Afirka ta Tsakiya ya ƙara turo makiyaya da dama zuwa wannan ɓangare. Saniya ba ta san iyaka ba, ƙwayar cutar da ke cikinta ma haka. Dabbar da ta sha ruwa a mashaya ɗaya da garken Cadi a watan jiya tana iya kwana a kara yau, jibi a yanka ta a Garwa ko Ngaundare. Mai son sanin yadda cuta ke yawo tsakanin ƙasashe uku ba zai samu mararraba da ta fi wannan ba.

Ta fuskar dabbobi, an riga an yi aiki mai nauyi. Tsakanin 2012 da 2013, masana daga Kamaru tare da abokan aikinsu na Jami'ar Edinbura sun duba shanu 2,346 a mayankun Bamenda da Ngaundare da Garwa da Marwa. Ƙiyasin da suka fitar ya nuna cewa a Garwa kimanin saniya ɗaya cikin biyar na ɗauke da ƙwayar tarin fukar shanu, yayin da a Bamenda abin bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Gaskiya ne shanun da ake kaiwa mayanka galibi tsofaffi ne ko waɗanda mai su ya gaji da su, don haka ba za a ɗauki wannan adadi a shafa wa kowane garke ba. Duk da haka tazarar da ke tsakanin arewa da kudu ta isa ta hana mutum barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fukar da ya samo asali daga dabbobi, 12,500 suka mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Inda gizo ke saƙar shi ne, madubin duba majina da na'urar GeneXpert da asibitocinmu ke dogaro da su ba sa bambance ƙwayar shanu da ta mutane. Ita kuwa ta shanu ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka, kuma takan fi kama wuya ko ciki, inda majina ba za ta tona asirinta ba. Mai ita zai shiga littafin asibiti a matsayin mai tarin fuka kawai, ba wanda zai tambayi saniyar da ya sha nononta.

Haka lamarin yake da bakkale, cutar da makiyaya suka fi kowa saninta, wadda ke sa saniya ɓari, ta kumbura mata gwiwa. Makiyayin da ya zura hannu tsirara ya jawo ɗan maraƙin da ya maƙale, ko ya kwashe mahaifar saniyar da ta yi ɓari ya jefar bayan ruga, ya taɓa ƙwayar a inda ta fi yawa. A jikin mutum takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da na baya. Wane ma'aikacin jinya ne zai ji wannan a damina bai rubuta maleriya ko taifot ba? Wani bincike da aka buga a 2013 kan marasa lafiya 870 da aka kwantar da zazzaɓi a Moshi ta ƙasar Tanzaniya ya nuna girman wannan kuskure. An ce kimanin kashi 60 cikin 100 maleriya ke damunsu, amma da aka yi gwajin ƙwaƙƙwafi waɗanda ke da ita ba su kai kashi 2 ba, yayin da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da cututtukan bakteriya da ake samu daga dabbobi. Tuboro ba Moshi ba ce, maleriya ta fi ƙarfi a nan, amma tambayar da binciken ya tayar ta shafe mu kai tsaye.

Wani zai ce ƙasar da maleriya da kwalara ke kashe yara ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe kan ciwon shanu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta manta cewa kuɗin ana kashe su tun yanzu, ta hanyar da ba ta da amfani. Mai bakkale da aka yi wa maganin maleriya sau uku ya biya kuɗi sau uku bai warke ba, alhali abin da yake bukata shi ne haɗin magunguna biyu na tsawon mako shida. Wani kuma zai ce ai an san maganin, a tafasa madara kawai, me za a bincika? Tafasawa na kashe ƙwayoyin, babu shakka, amma tsamin nono kaɗai ba abin dogaro ba ne, kuma matar da ke tallar nono da man shanu tana da dalilanta na itace da lokaci da ɗanɗanon da masu saye suka saba da shi. Gano hanyar da za ta karɓa ba tare da ta yi asara ba shi ma bincike ne, kuma ba a yin sa daga ofis a Yawunde.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na makiyaya. Sun ga baƙi sun zo sun ɗebi jinin shanu sun tafi, ba sakamako ba bayani, kuma suna tsoron a ce garkensu na da cuta farashi ya faɗi, ko a ƙwace dabba ba diyya. Tsarin gwaji da yankewa da ƙasashen Turai suka yi amfani da shi ya yiwu ne domin gwamnati na biyan mai dabba. Inda babu diyya, mai hankali zai ɓoye saniyarsa, ko ya yi saurin sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Da ciwon saifa wannan gaggawar ita ce masifar, domin buɗe gawar na watsa ƙwayar da ke iya zama a ƙasa shekaru da dama, ta kama mai fiɗa da mai cin naman. Don haka binciken da bai fara da arɗo da sarkin fawa ba, bai kuma yi alkawarin dawo da sakamako cikin Fulatanci da Hausa ba, ya rushe tun kafin a buɗe akwatin allura. Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna hanya tun daga shekarar 2000, lokacin da likitocin mutane da na dabbobi suka riƙa fita tare a Shari-Bagirmi da Kanem, ana yi wa shanu rigakafi ana yi wa mata da yara a zango ɗaya. Makiyayi ya fito domin garkensa, ɗansa ya samu allura, mota ɗaya ta yi aikin biyu.

Kayan aikin ba daga sama za a sauko da su ba. A Bokle kusa da Garwa akwai cibiyar LANAVET, wadda aka kafa a 1983, tana gwaje-gwaje tana kuma haɗa rigakafin dabbobi, har da na saifa. Cibiyar Pasteur na da reshe a Garwa, Jami'ar Ngaundare na horar da likitocin dabbobi, kuma a 2016 Kamaru ta sanya saifa da tarin fukar shanu cikin cututtuka biyar da ta fi ba muhimmanci a wannan fanni. Abin da ya rage ƙarami ne a takarda: malamin dabbobi ya rubuta kasuwar da saniya mai ƙulli ta fito, ma'aikacin jinya ya tambayi mai zazzaɓi ko yana kiwo ko fawa ko shan ɗanyar madara, a riƙa aika wani kaso na samfuran Tuboro zuwa Garwa a tantance irin ƙwayar, sannan mutanen biyu su zauna duk wata da littattafansu a buɗe. Shekara biyu na irin wannan zama za su gaya wa hukuma inda za ta kai rigakafi, su gaya wa likita lokacin da ya kamata ya ajiye maganin maleriya ya sake tambayar mara lafiya daga ina yake samun nononsa.