Rubuta wa manomi yadda ake yi, sana'a ce da ta cancanci albashi

Duk wanda ya tsaya gaban rumfar masu maganin ƙwari ranar kasuwar Agiye ko ta Gazawa, ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya bayanta, zai tarar da rubutu ƙanana-ƙanana cike da takardar da aka manna mata. Yawanci da Ingilishi ne, domin galibin kayan daga Nijeriya suke ƙetarowa, wani lokaci kuma da Faransanci. A ciki aka faɗi yawan maganin da ake zubawa a hekta guda, da kwanakin da za a jira kafin a ci abin da aka fesa wa, da abin yi in ya fallatsa a ido. Manomin da ya ba da kuɗinsa ba ya samun ko ɗaya daga cikin wannan bayani. Abin da yake tafiya da shi gida shi ne amsar mai rumfa ga tambaya guda: “Murfi nawa zan zuba a famfo?” Mai rumfar ma sau da yawa ji ya yi daga wanda ya sara masa kaya. A ganina, tazarar da ke tsakanin takardar nan da manomin nan gurbin aiki ce, kuma lokaci ya yi da matasan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji da suka yi karatu za su ɗauki rubuta bayanin yadda ake amfani da abu a matsayin sana'ar da mutum zai zaɓa da gangan, ya koya, ya ci abinci da ita.

Sana'ar ba sabuwa ba ce a duniya. Ta yi ƙarfi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa danƙa wa sojoji jirage da na'urorin da dole su gyara da kansu, nesa da waɗanda suka ƙera su. Daga baya kamfanonin magani da na motoci da na kwamfuta suka ɗauki ma'aikata musamman dominta. Mai yin ta yakan zauna da injiniya ko likita, ya yi ta tambaya har ya gane, sannan ya rubuta wa wanda bai taɓa ganin abin ba. Ma'auninsa ɗaya ne: shin wanda ya bi rubutun, ba kowa kusa da shi, ya yi aikin daidai? Mu a jahar Maraɗi ba ma ƙera jirgi, amma ilimin da ke bukatar irin wannan hannu a ƙofar gidanmu ake samar da shi. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana Tarna, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana yaye masana noma a Maraɗi, asusun raya noma na FIDA da ke Roma kuma ya shafe shekaru masu yawa yana zuba kuɗi a ƙasar Agiye, ciki har da shirin PPILDA, sannan ProDAF da ya haɗa da Tawa da Damagaram. An tara sani mai yawa a gonakin nan, kaso mai tsoka kuma yana kwance cikin rahotannin Faransanci da aka rubuta domin ofisoshin Yamai da na Roma.

A duba batun takin zamani. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa ba sai talaka ya watsa buhu-buhu ba: giram 6 na NPK, ko giram 2 na DAP, a kowane ramin shuka ya isa ya ɗaga amfanin hatsi. To, wa ke da ma'aunin giram a gona? Dabarar ta samu shiga ne da aka mayar da giram 6 cikin murfin kwalbar lemo, giram 2 kuma abin da yatsu uku za su ɗebo. Wanda ya yi wannan tunani, ko wane ne shi, aikin da nake magana a kai ya yi. Haka buhun ajiyar wake na PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta na Afirka, har da INRAN, suka fara yaɗawa a 2007. Ba a sa masa magani ko kaɗan, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Amma sai waken ya bushe ƙayau, sai an hura kowace leda an tabbatar ba ta da huda ko ta allura ce, sai an matse iskar, an murɗe bakin ledar ciki an ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje, a ajiye shi nesa da bango inda ɓera ba zai kai ba. Wanda ya haɗa bakin ukun ya ɗaure da igiya ɗaya, bayan wata biyu zai buɗe ya tarar da gari, ya ce buhun ƙarya ne, ya koma jefa ƙwayar guba cikin abincin da ƴaƴansa za su ci. Bincike bai gaza ba a nan. Jimloli biyar ne, a jere yadda ya kamata, ba su isa wurinsa ba.

A fannin lafiya kuwa kuskuren ya fi tsada. Maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 kowace damina, ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Kwana biyu cikin uku ke nan aikin yana hannun mace a tsakar gidanta, ga daka ga ɗiban ruwa. Wace ƙwaya ce ta gobe, yaya ake narka ta, me za a yi in yaron ya amayar da ita, shin ana iya ajiye wa ƙaninsa: amsar duk waɗannan tana bukatar wanda ya zauna ya tsara ta, ya gwada ta da mata goma, ya gyara inda suka rikice.

Mai suka zai ce ai mutanen ba su iya karatu ba, kuma yana da hujja, domin manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba, mata a karkara sun fi haka ƙaranci. Zai ƙara da wata hujjar da ta fi wannan nauyi, daga ƙasar Agiye kanta. Sassaben zamani, wato barin tsiron kututture a gona a zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a sare sauran, wanda Tony Rinaudo ya fara ƙarfafawa a yankin Maraɗi a 1983, ya mamaye hekta kimanin miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, ƙauyen Ɗan Saga kuma ya zama makarantar da baƙi daga ƙasashe ke zuwa kallo. Baki da baki ya yaɗu, maƙwabci ya ga gawon maƙwabcinsa ya kwaikwaya. Ina amfanin takarda ke nan? Na yarda da tarihin, amma ban yarda da hukuncin da aka ciro daga gare shi ba. Abin da ido ke gani a gonar wani, ido ya isa ya koyar da shi. Adadin magani, da lissafin kwanaki, da haƙƙin da doka ta ba mutum, ba a ganinsu a gona, kuma in suka bi baki goma sai sun canza. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan sassabe, ta kuma tabbatar wa manomi cin moriyar itacen da ya raina. Ranar da gardama ta haɗa shi da malamin daji kan reshen da ya sara, shafi ɗaya na Hausa mai faɗin abin da aka halatta masa da abin da aka hana shi ya fi masa amfani da duk labarin da ya ji a dandali.

Ban da haka, mai wannan sana'a ba wa takarda kaɗai yake rubutawa ba. Saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp, da minti biyar na gidan rediyon karkara, da zanen da ke jikin ledar magani, duk sai an rubuta su tukun in ana so su fito daidai. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta riga ta nuna hanya da takardun bayaninta da saƙonnin murya cikin Hausa da take aika wa manoma. A kusan kowace unguwa akwai ɗan makarantar da ke karanta wa gidansu wasiƙa, da yawa kuma daga cikin waɗanda ake lissafawa marasa karatu suna karanta ajami tun daga makarantar allo. Marubucin da ya iya boko da ajami ya ninka masu karatunsa.

Batun cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya bai cancanci dogon zance ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah a Zariya, littafin ilimin halitta, tun zamanin Turawa, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta daɗe tana buga wa manoma bayani da Hausa. A nan gida an buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram tun 1973, an tsayar da ƙa'idar rubutu a 1999, kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa. Na'urar fassara ma tana iya juya rahoto cikin daƙiƙa, amma ba ta san a nan da tiya ake awo ba, ba za ta tsuguna gefen mace tana ɗaure buhu ta ga inda hannunta ya kauce ba, kuma ba ita za a tuhuma ba in aka zuba murfi huɗu maimakon ɗaya.

Tambayar da ta fi damun saurayi ko budurwar da ta gama jami'a ita ce wa zai biya, kuma ba zan rufe musu gaskiya ba: yau ba kasafai ake tallar gurbin aiki da wannan suna a jahar Maraɗi ba. Sai dai aikin ana yin sa kullum, a ɓoye, kyauta, a gaggauce. Shiri zai ware kuɗin mota da na mai da na taron bita, sai dare ya yi kafin ranar fita ƙauye a miƙa wa wani ma'aikaci takarda a ce, “Malam, ai kai Bahaushe ne, ɗan juya mana wannan.” Iya magana da harshe daban, iya rubuta umarnin da ba ya rikitarwa daban. Masu bukata suna nan: asibitocin gunduma, shagunan iri da taki, masu sayar da famfon ruwa mai aiki da rana, ƙungiyoyin manoman aya da riɗi, kwamitocin filaye na ƙananan hukumomi da ke ba da takardun gona. Ƙetaren iyaka kuma, daga Katsina zuwa Sakkwato, miliyoyin masu karanta Hausa ne ke noma wake iri ɗaya, suna fama da ƙwaro iri ɗaya.

Wanda ya fi dacewa da sana'ar shi ne mai ilimin wani fanni a hannu, malamin gona ko ma'aikaciyar jinya ko mai gyaran sola ko malamin yaƙi da jahilci, wanda zai ɗora rubutu bisa abin da ya sani. Shawarata gare shi ya fara da abu ɗaya ƙarami, ya rubuta shafi guda kan haɗa maganin fesa a famfo mai cin lita 16, ya kai wa wani masani ya duba adadin, ya ba manoma biyar su bi yana kallo bai ce uffan ba, ya gyara, sannan ya shiga ofis da shafin a hannu ya faɗi kuɗinsa. Jami'ar Maraɗi kuwa za ta iya sa darasin wannan rubutu cikin karatun noma ba tare da gina ko ɗaki ɗaya ba. Duk shirin da zai shigo Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji da sabon iri ko sabon magani, haƙƙin shugabannin ƙananan hukumomi ne su tambaye shi tun a zaman farko: ina bayanin Hausa, wa ya rubuta shi, da wa aka gwada shi, nawa aka ware masa a kasafi?