Mota ta ƙi tashi, sai a ce a tura

 Duk wanda ya yi sammakon tashar Birnin Kudu ko ta Gwaram ya san wannan: direba a ciki, fasinjoji sun dafa but ana ta "a tura, a tura!" Mota ta yi tari ta kama, kowa ya shige, a ce matsala ta wuce. Ni dai ban ga ta wuce ba. A ƙauyukanmu, tun daga Sara har Basirka, wannan Golf ko Sharon da ke kai mutane kasuwa ita ce ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ƙarfe biyun dare, wa za a tasa ya tura?

Motar da ta ƙi tashi tana faɗin ciwonta, in direba zai kasa kunne. Ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas fitilun gabanka na dusashewa, to wuta ce ta gaza. Kafin ka ce batir ya mutu, ɗaga bonet ka duba kawunansa. Sau da yawa farin gari ne ya taru a kai, ko gargadar hanya ta kwance noti, kuma ruwan zafi da sifana sun wadatar. Lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 a mita in mota na kashe, in tana kunne ya kai wajen 14. In bai kai ba, altaneta ce ba ta caji ko bel ya saki, kuma ko sabo dal ka sayo daga Kano, ba da jimawa ba zai bi sahun tsohon. Direbobi kan ɗora wa hunturu laifi, alhali zafin bazara ne ke cinye batir yana ƙafar da ruwansa. Sanyin Disamba asiri kawai yake tonawa. In kuwa fitilu garau suke, ƙara ɗaya tak ka ji, sai a nemi mai gyaran kik.

Abin da ya fi damuna shi ne motar da kik ke juya injinta lafiya lau amma ta ƙi kamawa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, cika tanki ya gagari ƙaramin direba, kullum allura na kwance a kan ja. Famfon mai na yawancin motocin yanzu a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tanki ya bushe, famfo ya yi zafi, ga dattin ƙasa yana zuƙa. Haɗa da man galan na 'yan bumburutu, wanda ba ka san ƙura ko ruwan da ya shige shi ba. Ai ko gidajen mai ba su tsira ba a Fabrairun 2022, lokacin da NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai methanol fiye da kima daga Beljiyam. Gwajin ba wuya: murɗa makulli rabi, ka saurara ta wajen kujerar baya, za ka ji famfon ya yi ɗan zuu na daƙiƙa biyu. In ba ka ji ba, a fara duba fiyus, kada bakanike ya tura ka sayen famfo bai buɗe akwatin fiyus ba.

Akwai kuma lokacin da turi ɓarna ne. In kik ya juya inji da sauri, sakayau ba nauyi, mai yiwuwa taimin bel ne ya tsinke, kuma a injuna da yawa kowane ƙarin juyi na iya lanƙwasa bawul. Mota mai giyar atomatik kuwa ba a ma tayar da ita da turi. In ta ƙi tashi, tabbatar giya na kan P ko N.

Kirana ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a waɗannan tashoshi biyu: a ajiye mitar gwajin batir da wayar jona wuta a ofishin tasha, kuɗinsu bai kai na cika tanki ɗaya ba. Motar da sai da turi ta tashi yau, kamasho ya hana ta lodi gobe har sai mai wayarin ya gan ta.