Tsumman Goge Kwano: Jama'ar Kurmi, Mu Bar Kwanukanmu Su Tsane!

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Shagamu, na Agege da Idi Araba, har zuwa na Anacha, Inugu da Fatakwal. Yau maganar wanke-wanke zan yi, kuma na san tun kafin in yi nisa wani zai ce me ya haɗa namiji da zancen kwano da faranti, ga matsalar tsaro ga tsadar rayuwa. To, ni dai a ganina duk abin da zai kwantar da yaro a asibiti ya wuce a kira shi ƙaramar magana, kuma tsumman da ke rataye a ƙofar kicin ɗin gidajenmu yana cikin irin waɗannan abubuwa.

Ku duba yadda ake yi a yawancin gidajenmu. Za a wanke kwano da soso da sabulu, a ɗauraye shi tas, sannan a jawo tsumma guda a goge shi. Wannan tsumma da shi aka sauke tukunya, da shi aka share miyar da ta zuba a kan tebur, da shi uwar gida ta goge hannu bayan ta yanka kaza, wani lokaci ma har majinar yaro ya taɓa. Kullum a jiƙe yake, ga maiƙo, ga ɗumin kicin. Masana sun nuna cewa wasu ƙwayoyin cuta, idan suka samu danshi da ɗumi da ɗan abin ci, cikin minti 20 sai su ninka yawansu. Ke nan abin da sabulu ya cire, tsumma ya mayar da shi har da ƙari. Inda ba a goge ba kuma, sai a jera farantai a jiƙe wani cikin wani, ruwa ya kwana a tsakaninsu, ko a rufe kula da murfinta tana ɗigar ruwa, gobe a buɗe a ji wani irin wari a ce ai robar ce ba ta da kyau.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: haka muka taso muka ga iyayenmu na yi, kuma ba abin da ya same su. Wannan magana akwai gyara a cikinta. Iyayenmu a Kano da Katsina da Sakkwato kifa kwano suke yi a cikin kwando, a tsakar gida, rana ta doke shi. Lokacin hunturu danshin iska a can yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kafin a gama wanke tukunyar ƙarshe kwanon farko ya bushe ƙarau. Nan kuwa fa? Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kai ninki biyu na wanda ke sauka a Kano, damina kan fara tun wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100. Tsumman da zai bushe cikin awa ɗaya a Daura, a Ibadan sai ya kwana biyu yana tsami. Duk wanda ya taɓa ajiye muciya ko ludayi ko ƙwarya a lungu a watan Yuli ya ga yadda fumfuna ke rufe su. Sabon Ibadan an kafa ta tun 1916, mun haura shekara 100 a nan, mun iya Yarbanci, mun iya kasuwar goro da ta shanu, amma har yau muna wanke-wanke kamar ranar Arewa ce ke kanmu.

Wasu kuma sun ce ba wuri. Gaskiya ne, da yawanmu a gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko biyu, kicin na tarayya, tsakar gida kuwa ba ta wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Amma rashin wuri bai halatta a jera kwanuka a ƙasa bakin kwata ba, inda ƙuda ke tashi daga makewayi ya sauka a kansu da rana, kyankyaso da ɓera su karɓi aiki da dare. Kada mu manta zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma fitsarinsa da kashinsa a kan abinci ko kayan cin abinci na daga cikin hanyoyin da ake kamuwa. Jihohin Ondo da Edo, inda 'yan uwanmu ke zaune da yawa, suna cikin waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna shekara da shekaru. Ga kuma kwalara, wadda a 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, sannan a watan Yunin 2024 ta ɓarke a Legas. Ƙwayar kwalara ba ta jure bushewa, danshi take so. Ban ce bushe kwano kaɗai zai kare mu ba, tilas ruwan ɗauraya ma ya zama mai tsafta, amma wanda ya bar kwanonsa a jiƙe ya buɗe wa cuta ƙofa da hannunsa.

Masu cewa wai wannan iyayi ne na 'yan boko, su sani cewa a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta rubuta a ƙa'idojinta na gidajen sayar da abinci cewa a bar kayan cin abinci su bushe da iska, kada a goge su da ƙyalle. Wato abin da suka kai ga sani bayan bincike, shi ne kakanninmu ke yi da kwandon kaba. Mu ne muka yar da shi muka rungumi tsumma. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba, domin a hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim an umarce mu da rufe ƙorai da dare.

Yanzu bari in juyo kanmu maza, don kada mata su ce su kaɗai na sa a gaba. Malam, kai da ke canza waya duk shekara, kana zuba kati ba ƙaƙƙautawa, yaushe rabonka da ka leƙa inda ake ajiye kwanon da kake cin tuwo a ciki? Kwandon roba mai ramuka da murfi yana nan a kowace kasuwa, daga Dugbe har Mile 12. In babu wurin ajiye shi, kafinta zai buga maka katako biyu a jikin bango cikin rabin yini. Idan ciwon ciki ya kama yara sai ka ɗora wa matarka laifi, ka ce ƙazama ce, alhali kai ne ka hana kayan aiki. Uwar gida, ke ma ki ji tsoron Allah, saurin gama aiki bai kai lafiyar 'ya'yanki ba.

Abin da nake kira gare shi ba shi da wahala. A ɗauraye da ruwa mai tsafta. A jingine farantai a tsaye, a kifa kofuna da kwanuka yadda iska za ta ratsa su, a kan wani abu mai tsawo nesa da ƙasa da kwata. Muciya, akushi da katakon yanka a fitar da su rana duk lokacin da ta fito. Kula a bar ta a buɗe har ta bushe. Ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin kwando a zubar kullum, kwandon ma a wanke shi. Da zarar sun bushe, a shigar da su a rufe kafin dare. In kuma baƙi sun zo ana sauri tilas sai an goge, to a ware tawul guda wankakke busasshe wanda ba ya wani aiki sai wannan.

Mu baƙi ne a idon maƙwabtanmu komai daɗewarmu, kuma mun san irin sunan da wasu ke kiran unguwanninmu da shi a kan tsafta. Muna jin haushi, muna kuma da hujjar jin haushi, sai dai gardama a bakin masallaci ba za ta goge sunan ba. Ina roƙon malamanmu na Islamiyya da masu wa'azin mata su sa wannan batu cikin karatunsu, sarakunan Hausawa kuma su ja kunnen masu gidajen haya su gyara kwatocinsu. Yau da daddare kowa ya je ya ɗauko tsumman nan ya shinshina, sannan ya yanke wa kansa hukunci ko zai yarda a shafa shi a kwanon ɗansa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a inda muke neman abincinmu, amin.