Daɓen Ƙofar Gida: Siminti Ma Yana Jin Ƙishirwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya wuce Boɗinga da Shagari ya shiga Tambuwal, zai ga yadda sababbin gidaje ke tashi, kowanne da faffaɗan get na shigar mota. Haka abin yake a Dogon Daji da Kebbe da Kuchi. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa, da zarar ya samu abin hawa, sai ya so ya daɓe mashigar gidansa da kankare, don ya huta da caɓin damina da ƙurar rani. Wannan buri ne mai kyau. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin waɗannan daɓe ba sa cin damina biyu sai ka ga sun tsattsage kamar bayan kunkuru, samansu yana gari, gefensu yana zubewa.

Idan haka ta faru, maigida ya ce magini ya sace siminti, magini ya ce simintin yanzu ba shi da ƙarfi, a rabu baram-baram, wani lokaci har zumunci ya taɓu. Ba a rasa maginin da ke rage awo, amma babban mai laifin da ba a cika ambata ba shi ne yadda muke sarrafa ruwa. Muna cika wa kankare ruwa a lokacin da ba ya bukata, mu hana shi a lokacin da rayuwarsa ta dogara a kai.

Yawancinmu mun ɗauka siminti bushewa yake yi, kamar tubalin laka da ake shanyawa a rana. Gaskiyar ita ce ruwa ne ke haɗuwa da garin siminti, su rikiɗe su zama dutse a hankali, kuma wannan aiki yana tsayawa da zarar ruwan ya ƙare. Injiniyoyi na auna cikar ƙarfin kankare ne a kwana 28, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin yana samuwa a kwana 7 na farko, muddin yana cikin laima. To a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, daɓen da aka zuba da hantsi aka bar wa rana yana iya fara tsagewa kafin la'asar. Iskar hunturu ma ba ta fi sauƙi ba, domin duk da sanyinta, tana zuƙe laima kamar yadda take fasa leɓe da dugadugai.

Iyayenmu mata da ke daɓen ɗaki da tsakuwa da madaɓi sun san wannan sirri tun kafin a kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962. Ba a yin daɓe rana ɗaya a tashi. Ana bugu, ana yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a bari ya sha, a sake komawa. Mun karɓi sabon kayan aiki, muka yar da haƙurin da ke tafiya da tsohon.

Aikin kirki yana farawa ne daga ƙasan da ba a gani. A kwashe ƙasar sama mai taki da saiwoyi, a zuba marmara ko jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daddage ta da kyau, sannan a sake jiƙa ta kafin a zuba kwaɓi, don kada busasshiyar ƙasa ta shanye ruwan kankaren daga ƙasa. Masu gini kusa da fadama su fi kowa kula, saboda laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, ta ɗaga daɓe ta sauke har ya karye. Kaurin da ƙaramar mota ke bukata shi ne santimita 10, wato inci 4. Idan kuwa motar ɗaukar buhunan gero ko albasa za ta riƙa shiga, a kai shi santimita 15, a sa rodi ko ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin, kada a shimfiɗe shi a ƙasa inda ba zai riƙe komai ba.

Sai awo. Sanannen ƙa'ida ita ce kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma da kwano guda za a auna duka. Mashiga mai faɗin mita 3 da tsawon mita 10 za ta ci buhu kusan 20. Wanda ya ce zai yi maka ita da buhu 10, ka sani araha ba ta ado. Yashin da ake ɗebowa daga gulbin Zamfara da rafukan yankin ma a gwada shi: a zuba a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye. Idan laka ta kwanta da kauri a saman yashin, a wanke shi ko a nemi wani. Ruwan kwaɓi kuwa, kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu guda. Lebura ya fi son kwaɓi ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin shebur, amma rarar ruwan nan idan ta ƙafe, ƙananan ramuka take bari a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu.

A zuba kwaɓin da sassafe ko bayan la'asar, a ajiye yashi da tsakuwa a inuwa. Kuma tun da kankare yana tsukewa yayin da yake kamawa, yana kuma miƙewa da zafin rana ya koma da sanyin dare, tsagewa dole ce. Dabarar ita ce ka nuna masa inda zai tsage. A yanka layi a kowace mita 3, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen, a kuma bar ɗan tsakani inda ya haɗu da bango.

Daga nan sai aikin da ake gudu, wato shayarwa. Da zarar daɓen ya kama, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko tsofaffin tabarmi, ko a shimfiɗa yashi a riƙa jiƙa shi, ko a lulluɓe shi da leda a danne gefe. Wanda ya saba da lambu ya fi kowa sanin hanya mafi kyau: a kewaye daɓen da ɗan tudun ƙasa kamar fangalin albasa, a cika shi da ruwa. A yi haka kwana 7 ba fashi. Kada ƙaramar mota ta hau kafin mako ya cika, babba kuwa ta jira kwana 28.

Me ya sa ba a yi? Domin tsarin biyanmu bai tanadi wannan mako ba. Ana biyan magini ranar da ya ɗaga cokalinsa, gobe yana wani gida. Ruwa kuma a bazara saye ake yi wurin 'yan garuwa, maigida ya riga ya ƙarar da kuɗinsa a siminti, sai a bar wa yaro ya watsa bokiti biyu da safe. A lokacin da farashin buhu ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan shekarun nan, asara ce babba a sayi buhu 20 a kasa sayen ruwan mako guda. Shawarata ita ce a sa kuɗin ruwa da na mai shayarwa cikin lissafi tun farko, a kuma yi yarjejeniya da magini cewa cikon kuɗinsa sai bayan kwana 7. Wanda bai da halin ruwa a bazara ya jira ƙarshen damina, lokacin da rijiyoyi ke cike kuma iska na da sauran laima.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Ƙasa tana shan ruwan sama, kankare kuwa turawa yake yi. A karkata daɓen da kimanin santimita 2 a kowace mita, ya fuskanci magudana. Wanda ya juya ruwan Agusta zuwa gindin katangar ƙasa ta maƙwabcinsa, ya gyara ƙofarsa ya rusa ta wani. Itacen dogon yaro ma a dasa shi nesa kaɗan, a sha inuwarsa ba tare da saiwarsa ta ɗaga daɓe ba.

Yanzu da gwamnatin tarayya ta rungumi titin kankare, har aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela a 2024, matasanmu da dama za su nemi abinci a wannan sana'a. Ya kamata ƙungiyoyin magina na Tambuwal da Kebbe su mayar da shayar da kankare sharaɗin aiki ga 'ya'yansu, domin maginin da daɓensa ya shekara 20 bai motsa ba, ba ya bukatar talla. Mu haɗu mako mai zuwa.