Kafin Ka Gudu Daga Ajin Lissafi, Zo Mu Yi Lissafi



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun gama cin abincin rana a gidan Baba a Manfuha, sai ƙanena ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ni fa na gaji. Halas, sauya ɓangare zan yi." Yaron yana aji biyu na sanawiyya, a ɓangaren kwamfuta da injiniyanci. Tun yana firamare shi ne ke ɗaukar na ɗaya a lissafi, amma a gwajin wannan watan 11 ya samu cikin 20. Ya ce ustaz gudu yake yi, sauran 'yan aji duk sun gane, shi kaɗai aka bari a baya. So yake ya koma inda lissafi bai kai wannan nauyin ba, don ya ceci nisbarsa, wato jimillar makin da zai fita da shi.

Na san ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan. Ra'ayina dai shi ne, wanda zai bar ajin lissafi saboda makinsa ya faɗi sau ɗaya ko sau biyu, to ya yi cinikin asara. Amma ku biyo ni, tunda maganar lissafi ce, da lissafi za mu warware ta.

Mu da muka rigaye ku, hanya biyu muka tarar, ko ilmi ko adabi. Tun shekarar 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta kawo tsarin da ake ce wa masarat: shekarar farko kowa tare, daga nan sai a rabu gida biyar, ɓangaren gama-gari, na kwamfuta da injiniyanci, na lafiya, na harkar kasuwanci, da na shari'a. Ɓangaren da ka zaɓa yana da hannu a irin kwalejin da za ta buɗe maka ƙofa gobe. Ka ga kenan ba aji kawai kake sauyawa ba.

To yanzu mu duba nisbar da ake ta tsoro a kanta. Jami'a ba makin makaranta kaɗai take dubawa ba. Akwai jarrabawa biyu na cibiyar Ƙiyas, Ƙudurat da Tahsili. A ma'aunin da Jami'ar Sarki Sa'ud ta daɗe tana amfani da shi ga kwalejojin kimiyya, makin sanawiyya kashi 30 ne cikin 100, Ƙudurat kashi 30, Tahsili kashi 40. A ce wuyar aji ta sa nisbarka ta sauko daga 95 zuwa 90. Maki 5 sau kashi 30, abin da ka rasa a wurin jami'a maki 1.5 ne kacal. Idan kuwa wannan wahalar ta ƙara maka maki 5 a Tahsili, ka samu maki 2. Wa ya ci riba? Kuma kada ka manta, ita Ƙudurat kowane ɓangare ka gudu tana nan tana jiran ka da sashenta na lissafi. Ita ko Tahsili, rabin tambayoyinta daga karatun aji uku suke fitowa, wanda aka gina a kan na aji biyu da kake son tserewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan uwanmu da ke makarantun ƙasa da ƙasa, ku ma maganar ta shafe ku. A lissafin IGCSE na Cambridge akwai Core akwai Extended. Wanda ya sauka Core don ya huta, ko da ya cinye duk tambayoyin, C ne iyakarsa. Wato tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa ya riga ya sa wa kansa rufi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya a kai. A cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai kuma waɗanda a nan aka haife su amma da iƙama suke zaune. Mai iƙama ya san jami'ar gwamnati ba ta ɗaukar sa sai ta hanyar minha, ita kuma gurabenta kaɗan ne. Shi ya sa da yawa daga cikin yayyenmu suka ƙare a Zariya, ko Jami'ar Bayero a Kano, ko Alƙahira, ko Malesiya. To idan ka je neman injiniyanci a Najeriya, JAMB za ta ajiye maka lissafi da fiziks da kemistiri tare da Turanci. Larabcinka mai kyau ba zai yi maka aiki a can ba, Turancinka ma wataƙila sai an yi gyara, amma x ɗin Riyad shi ne x ɗin Samaru. Wanda ƙofofinsa ba su da yawa, ai bai kamata ya rufe ɗaya da hannunsa ba.

Na kuma lura da wani ciwo da muke da shi, kunyar tambaya. A gida Hausa, a makaranta Larabci, bayanin YouTube kuma yawanci Turanci. Umma da Baba ba za su iya duba maka aikin gida ba, iyaka su yi maka addu'a. A aji kuwa kana jin idan ka ɗaga hannu za a ce ga shi nan, dama mun sani. Idan an ce Hausawi a ƙasar nan, abin da ke fara zuwa wa mutane shi ne ƙwallo, irin su Usama Hausawi da Umar Hausawi, kuma muna alfahari da su. Amma wallahi ba ƙafa kaɗai Allah Ya ba mu ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi daga Katsina ya taso, ya zo ya yi aikin hajji, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, irin wanda kowane layi jimillarsa ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kujerar nan da kake zaune a kai ba aro ba ce. Ita ma Maryam Mirzakhani, 'yar Iran da ta zama mace ta farko da ta ci lambar Fields a 2014, ba ta taɓuka abin kirki a lissafi ba a farkon shigarta makarantar mutawassiɗa. Da a gwajin farko ta yanke wa kanta hukunci fa?

Kada kuma a yi mini mummunar fahimta. Ban ce duk wanda ya fita rago ne ba. Idan kana nan ne kawai don Baba yana son a kira ka Muhandis a wurin ɗaurin aure, alhali zuciyarka na can wurin shari'a ko kasuwanci, to ka zauna da shi cikin ladabi ka faɗa masa. Idan barci ya ƙaurace maka, ka rame, sauran darussa duk sun zube saboda fanni ɗaya, to lafiyarka ta fi kowace nisba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ɓangaren shari'a maɓoyar masu gudun lissafi. Wannan raini ne ga ilimin. Kuma can ma rabon gado na jiran ka da sudusi da sumuni. Shi kansa Alkhawarizmi, wanda daga littafinsa aka samo kalmar aljabra a Bagadaza ƙarni na 9, babban yanki na littafin a kan wasiyya da gado yake.

Ga abin da na ce wa ƙanena, kai ma ina ba ka shi kyauta. Ka ba kanka zango ɗaya cur, na gaskiya. Na farko, ɗauko takardar gwajin, ka bi tambayoyin da ka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar ba sabon darasin ne ya kayar da kai ba, wani rami ne tun na mutawassiɗa, kasada ko alamar ragi, sai ka cike shi. Na biyu, lissafi ba a karanta shi kamar tarihi, da biro ake yin sa, minti 40 kullum ya fi awa biyar daren jarrabawa. Na uku, ka tari ustaz lokacin fusha ka tambaye shi, kuma ka nemi mutum biyu a ajin ku riƙa zama tare. Za ka sha mamaki, waɗanda kake ganin sun gane, rabinsu gyaɗa kai kawai suke yi. Matambayi ba ya ɓata.

Idan zangon ya ƙare ka yi duk wannan, kuma har yanzu ranka ba ya wurin, to ka fita da kanka a sama, ka san zaɓi ka yi. Amma kada ka yanke shawarar shekara 40 a daren da aka ba ka 11 cikin 20.

Shi dai ƙanen nawa ya ce zai gwada zuwa ƙarshen zango. Jiya ya turo mini hoton wata tambaya ta logaritim da ƙarfe ɗaya na dare, ni ma na kasa ta, sai da safe shi ya turo mini amsar.

Allah Ya buɗa mana ƙwaƙwalwa, Ya sa mu dace. Wassalam.